Ku da kuka je Urushalima, me kuka gani da idonku a wuraren da aka haƙa?

Wata 'yar'uwa daga Kafanchan:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Da yardar Ubangiji ni da mahaifina muna shirin ziyarar ibada. Baba ya daɗe yana koyarwa a makarantar Lahadi, kuma tambayarsa kullum ɗaya ce: cikin wuraren da ake kai mutane, wane ne aka tono ƙasa aka same shi da gaske, wane ne kuma aka gina coci a kansa bisa abin da aka ji daga kakanni? Don Allah wanda ya je ya faɗa mana abin da ya gani.

Wani dattijo daga Jos:
'Yata, gai da babanki, tambayarsa ta mai hankali ce. Sau biyu na je, kuma tafkin Siluwam iri biyu aka nuna mini. A zuwan farko, kafin shekarar 2000, an gangara da mu wani ɗan tafki matsattse a bakin ramin ruwa, aka ce nan makahon Yohanna sura 9 ya wanke idonsa. Mun yi addu'a, wasu har da hawaye. Da na koma a 2017 sai aka wuce da mu gaba kaɗan, ga manyan matakalai na dutse, biyar-biyar hawa uku. Mai yi mana jagora ya ce a 2004 ne ma'aikata ke gyaran bututun ruwan ƙazanta, masu haƙa kayan tarihi guda biyu, Ronny Reich da Eli Shukron, suka lura da duwatsun suka tsai da aikin. Kuɗaɗen ƙarfe da aka samu cikin shafen matakalan sun nuna tafkin na zamanin Haikali na biyu ne, wato wanda yake nan lokacin Yesu. Ɗan ƙaramin na farko kuwa na wajen ƙarni na 5 ne. Ban ji addu'armu ta farko ta ɓata ba, Allah ba ya zaune a tafki. Amma ranar da na zauna kan matakalan nan na buɗe sura 9, na daɗe ban iya tashi ba.

Wata uwa daga Numan, ta zumuntar mata:
Baba na Jos ya yi gaskiya. Ni ramin Hezekiya na shiga, wanda 2 Sarakuna 20:20 ta ambata. Tsawonsa mita 533, an sassaƙa shi cikin dutse daga maɓuɓɓugar Gihon don a shigo da ruwa cikin gari kafin Assuriyawa su iso. Ruwan sanyi ƙalau, a farko ya kai ni cinya, daga baya ya sauka. Duhu kamar ka soki ido. Da na haska tocila a bango sai ga sawun gatarin masu aikin, har wurin da sawun ya juya, inda waɗanda suka taso daga wannan gefe suka haɗu da na wancan. Muka kama waƙa da Hausa a ciki. Amma 'yata, in baba yana fama da gwiwa ko numfashi kada ki sa shi, akwai busasshiyar hanya a gefe. Ku tafi da takalmin roba da zane na canji.

Wani ɗalibi daga Kano, yana karatu a Turkiyya:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, ban je can ba, amma Mama, rubutun ramin da kika shiga na gan shi. Yana gidan adana kayan tarihi na Istanbul. A 1880 aka gano shi a bangon ramin, lokacin ƙasar tana hannun Daular Usmaniyya, shi ya sa ya ƙare a nan. Layi shida ne da tsohon Ibrananci, yana ba da labarin yadda masu sassaƙan suka riƙa jiyo muryar juna ta cikin dutse saura kamu uku su haɗu. Abin da ya tsaya mini a rai, babu sunan sarki a jikinsa, labarin leburori ne kawai.

Malamin makarantar tauhidi, Gombe:
Wa alaikumus salam ɗana, mun gode. Sunan sarkin a wani wuri ya fito. A Ofel, kudu da katangar harabar Haikali, aka tsaya da mu aka nuna mana hoton wani ɗan curin yumɓu da ake manna wa wasiƙa a buga masa hatimi. A hoto ya cika takarda, a zahiri bai fi farcen yatsa ba, santimita ɗaya da ɗan abu. Ma'aikatan Eilat Mazar, wata mai haƙa kayan tarihi, suka same shi a 2009 suna wanke ƙasa a rariya, aka sanar a 2015. An rubuta cewa na Hezekiya ne ɗan Ahaz sarkin Yahuza. A tsakiyarsa akwai rana mai fukafukai da alamar rai irin ta Masarawa, abin da ya sa muka yi ta muhawara a mota har masauki, yaya aka yi sarki mai rushe gumaka ya sa wannan a hatiminsa.

Wani matashi daga Kaduna:
Baba Malam, mu ma an nuna mana, har da hatimin annabi Ishaya da aka samu kusa da shi. Na dawo na faɗa a taron matasa, kowa ya yi tafi.

Malamin makarantar tauhidi, Gombe:
Ɗana, a nan sai a taka a hankali. A 2018 aka sanar da shi, kamar mita 3 daga inda aka sami na Hezekiya, kuma sunan Ishaya yana jiki. Sai dai gefensa ya lalace, harafin ƙarshe da zai cika kalmar annabi babu shi. Haruffan da suka rage suna iya zama sunan mutum kawai, kuma masu suna Ishaya suna da yawa a lokacin. Ita kanta Mazar cewa ta yi mai yiwuwa ne. Ka koma ka faɗa wa matasan haka, ya fi maka daraja. Wanda ba a gardama kan sunan da ke jikinsa shi ne dutse mai ɗauke da sunan Bilatus, da aka samu a Kaisariya a 1961. Wanda ake nunawa a Kaisariya, bakin teku, kwafi ne, ainihin yana gidan tarihi na Isra'ila a Urushalima, tare da dutsen da aka samu a tsohon garin Dan a 1993, mai ambaton gidan Dawuda.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Bauchi:
Akwai abin da ba a ambata ba. Sama da ramin Hezekiya da tafkin Siluwam unguwa ce ta Falasɗinawa, Silwan. Da muka fito na tsaya sayen ruwa, matar mai shagon ta nuna mini tsagewa a bango ta ce haƙan da ake yi a ƙarƙashinsu ne. Ina murna da abin da na gani a ƙasa, amma fuskar matar ta biyo ni har gida. In kun je ku gaishe su, ku sayi ko da ruwa ne.

Ku kuma roƙa a kai ku Magadala, bakin Tekun Galili. A 2009 ana shirin gina masaukin baƙi aka ci karo da majami'ar Yahudawa ta ƙarni na farko, da bencinan dutse kewaye da ɗakin. Mu minti 20 kawai aka ba mu, bai ishe ni ba.

'Yar'uwa daga Kafanchan:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Baba duka, ya sa na rubuta Siluwam, Ofel da Magadala a bayan Littafinsa Mai Tsarki. Ya ce gwiwa ko ba gwiwa sai ya taɓa ruwan Gihon. Mama ta Numan, daga busasshiyar hanyar ana iya kaiwa ga ruwan a taɓa, ko sai an shiga ramin?