Shawarwarin masana kan gane laimar kwaɗin Cortinarius rubellus

Cortinarius rubellus laimar kwaɗi ce mai guba da ke fitowa a dazuzzukan Suwidin, Finland da Sukotland. Don gane ta, a fara duba ƙarƙashin hular, wato kanta mai kama da laima. Idan tana ƙarama, akwai wani siririn zare kamar saƙar gizo tsakanin bakin hula da kara. In ta girma zaren ya tsinke, sai ya bar tabo kalar tsatsa a karan.

Faɗin hular santimita 3 zuwa 8 ne, ja-ja mai ruwan lemo, da ɗan tsini a tsakiya. Karan yana da zanen rawaya a karkace, warinta kuma kamar na radish, wani kayan lambu. Daga Agusta zuwa Oktoba take fitowa, cikin gansakuka mai laima a gindin itatuwan spruce da pine.

Wasu sun ba da shawarar a kifa hular kan farar takarda ta kwana. Ƙurar da za ta zubo kalar tsatsa ce.

Inda ake yin kuskure shi ne, takan tsiro a tsakiyar Craterellus tubaeformis, wata laimar kwaɗi da ake ci, don haka a duba kowace ɗaya kafin ta shiga kwando. Gubar Cortinarius rubellus, mai suna orellanine, dafuwa ba ta kashe ta. Takan yi kwanaki, wani lokaci har mako uku, kafin ƙishirwa mai tsanani da ciwon ƙoda su bayyana.