Bambar gaban Hilux ta tsage: a liƙe ko a sayi wata?

Ɗan Dawanau:
Assalamu alaikum. Toyota Hilux ce ƙirar 2012, fara. Ta daki bayan wata mota a cunkoso, ba da gudu ba. Bamba ta tsage ƙarƙashin fitilar gefen direba kamar inci takwas, kusurwar ta lotsa, ƙaramar fitilar ƙasa ta faɗa ciki. Jakar iska ba ta fashe ba. Bonet yana rufuwa, amma sai an danna shi da ƙarfi. Wani ya ce a liƙe, wani ya ce a sayi wata. Masana, ina mafita?

Fanel Bita:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Ni ba tsagar ce ta dame ni ba, maganar bonet ɗin ce. Abin da ake gani a waje roba ce kawai, mayafi. Ainihin mai ɗaukar duka ƙarfe ne a bayanta, an ɗaure shi a bakin shasi. In bonet ya fara gardama, akwai alamar dukan ya kai ga firam ɗin da ke riƙe da lagireto da makullin bonet. Don haka kada a yanke hukunci sai an sauke bambar.

A fara cire kan batir na nagatif, a jira daƙiƙa 90, saboda na'urorin jakar iska suna nan gaba. Duk soket mai launin rawaya nasu ne, kada yaro ya ja shi. Sai a cire ragar gaba, a karya sitiyari don hannu ya shiga bayan taya, a kwance sukurorin da suka haɗa bamba da madigadi. Yawancinsu lamba 10 ne, na ƙarfen baya sun fi girma. A zare soket ɗin fitilun ƙasa kafin a janyo ta. Kilif ɗin roba kuwa, a ɗaga cibiyarsa da sukundireba tukuna. Wanda aka finciko da ƙarfi ya tashi aiki.

In ta sauka, a auna firam ɗin da tef daga noti na kusurwar hagu ta sama zuwa na dama ta ƙasa, sannan daga na dama ta sama zuwa na hagu ta ƙasa. Awon biyu su zo ɗaya. In sun saɓa, sai an ja firam ɗin, ko wace bamba aka kawo ba za ta zauna ba. A leƙa kwandensar esi, ita ce a gaban lagireto: inda aka ga danshin mai ya kama ƙura, nan gas yake fita. Ƙarfen baya in ya lanƙwashe a canza shi. Kada a gasa shi da wutar walda a miƙe, ido zai ga ya yi daidai amma ƙarfinsa ya tafi.

Mai Liƙin Roba:
Oga ya faɗi gaskiya. In ciki lafiya, tsagar inci takwas ba ta kai a jefar da bamba ta asali ba. Abin dubawa kunnuwanta ne, wato inda take kama madigadi da gindin fitila. In ɗaya ko biyu suka karye ana gyarawa. In sun tsinke gaba ɗaya, ko wani yanki ya ɓalle ya ɓata, a haƙura.

A juya ta a duba ciki, za a ga tambari kamar >PP<, wato alamar irin robar da aka yi ta da ita. Irin wannan roba ba ta shan gam. Shi ya sa masu zuba Super Glue da yashi, ko su shafa Araldite, ko su manna faiba, aikinsu ba ya jure gargada. Rana ta gasa, mota ta faɗa rami biyu, ya ɓamɓare. Narka ta ake yi da 'yar'uwarta.

A wanke da sabulu, ta bushe. Lotsawar a hura mata zafi ta ciki har ta yi laushi, a tura da katako da aka naɗe da tsumma, a dafe da jiƙaƙƙen tsumma ta sandare a haka. Sai a huda ƙaramin rami, milimita 3, a daidai ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. A kankare fenti a gefe da gefe, a fafe bakin tsagar ya zama kwari. Ta ciki a shimfiɗa ragar ƙarfe marar tsatsa, a danna ta da ƙarfen soda mai zafi har ta nutse cikin robar. Sannan a yanko siririn tsinke daga tsohuwar bamba mai tambari iri ɗaya, a narka shi a cike kwarin ciki da waje. Zafin a yi shi da hankali: in roba ta fara hayaƙi tana baƙi, ta ƙone, wurin zai yi gautsi.

Na Ƙofar Ruwa:
In ta kama sai an saya, Alhaji, kada ka ce wa mai shago "ta Hilux" kawai. An sauya fuskar wannan ƙirar a 2008, aka sake sauyawa a 2011, kuma ta 2015 zuwa sama wata mota ce daban. Ka zo da lambar shasi, ko ka ɗauko tsohuwar. Lambar Toyota ta robar bambar gaba tana farawa da 52119, ta wannan Hilux ɗin 0K ke biyo baya.

Ni na fi son Beljiyam ta asali a kan sabuwa marar suna. Marar sunan robarta sirara ce, ramukan noti sukan kauce, zafin rana ya sa ta saki baki a ƙarƙashin fitila. Beljiyam ɗin ma a juya cikinta, wata an riga an liƙe ta an shafe da baƙin fenti. A gwada a jikin mota kafin a kai wa mai fenti, don da zarar ta sha fenti ba mai karɓar ta.

Ɗan Dawanau:
Na gode ƙwarai. An sauke, ƙarfen baya lafiya, makullin bonet ne ya ɗan matsa, kunne ɗaya ya karye. Za a liƙe. Sai dai wani yana cewa in sa a ƙera mini ta ƙarfe in huta. Kuma fentin fa?

Mai Fenti:
Ta ƙarfe ta maƙera kada ka soma, Yallaɓai. Roba da ƙarfen bayanta an yi su ne su shanye duka. Ta bututu mai kauri za ta miƙa dukan kai tsaye ga shasi, tana iya rikita lokacin fashewar jakar iska, ga nauyi a kan shokan gaba.

Fenti kuma, inda ake kuskure shi ne a lafta fotin bodi, wato abin da ake shafawa a cike lotsawa, mai kauri a kan roba. Bamba tana motsi, shi ba ya motsi, sai ya tsattsage. A goge liƙin da sanfefa mai lamba 80, a bi da 180, a shafa foti na roba siriri, a gyara da 320. Duk inda roba ta fito tsirara sai an fesa firaima ta roba kafin ta yau da kullum, in ba haka ba ranar wanki fentin zai saluɓe kamar ɓawon albasa. A bi da 600 da ruwa, launi hannu biyu ko uku, kiliya, wato mai ƙyallin da ake fesawa a kan launi, hannu biyu, ana barin kamar minti 10 tsakani.

Lambar launi tana jikin farantin bayanan motar mai ɗauke da lambar shasi, bayan haruffan C/TR. Farar Toyota da aka fi gani 040 ce. Amma mota mai shekaru rana ta ci farinta, don haka a cire murfin tanki a kai wa mai haɗi ya daidaita da shi. In lokacin hunturu ne a fesa a rufaffen wuri, a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. Ta kwana kafin a ɗaura, da sababbin kilif, kuma kada a ƙulle noti ko ɗaya sai an ga layin bamba da fitila ya daidaita hagu da dama.