Shin wahalar da muke sha a bayan ƙaramar ƙungiya cikin hunturu tana da amfani?

Ɗan Mafara:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya da masana tamaula a kan abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Ƙungiyar garinmu, wadda take buga gasar jiha, ta karɓi baƙuncin wata ƙungiya da ta fi mu da maki biyu, kuma an take wasan da ƙarfe huɗu na yamma cikin hazon da ya sa wanda yake bayan raga ɗaya ba ya tantance lambar rigar wanda yake ɗaya ragar. Baƙin sun zura mana ƙwallo tun kafin a yi minti ashirin, sannan ana dab da tafiya hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya ɗaga wa ɗan bayanmu jan kati. Da mutum goma yaranmu suka ci gaba da fafatawa, iska tana watsa musu ƙura a ido, har Allah Ya ba su bugun kusurwa saura minti uku a tashi, wani yaro da yake ɗinki a kasuwa ya sa kai ya farke. Aka tashi kunnen doki.

Na koma gida murya a dishe, leɓe a fashe, kuma har yau mura ba ta sake ni ba. Yayana ya ce da kuɗin da na kashe na shiga fili da na mai babur, da na zauna a gidan kallo na ga gasar Ingila ba tare da na shaƙi ƙura ba. Na rasa amsar da zan ba shi, duk da cewa ban taɓa yin irin ihun da na yi ranar a gaban talabijin ba. Shin mu da muke bin ƙananan ƙungiyoyi muna yi musu wani amfani, ko kuwa son zuciya ne kawai?

Tsohon Mai Tsaron Raga, Ƙauran Namoda:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na tsare raga na shekaru a irin wannan mataki, saboda haka bari in faɗa maka abin da yaran nan suka sha, wanda mai kallo daga gefe ba lallai ya lura da shi ba. Daga Disamba zuwa Janairu ciyawar filayenmu ta riga ta bushe, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, duk wanda ya faɗi sai ya bar fatar gwiwa a wurin, ƙwallo kuma tana tsalle fiye da yadda aka saba. Iskar da take busowa daga arewa maso gabas tana raba wasa gida biyu: a rabin da take bayanka bugun mai tsaron raga yana wuce tsakiyar fili, a rabin da kake fuskantarta kuwa sai ka ga ƙwallo ta tsaya a sama tana neman dawo maka. Ga maƙogwaro yana bushewa alhali gumi ba ya zama a jiki, sai yaro ya ɗauka bai gaji ba har sai jijiyar cinyarsa ta ɗaure.

A irin wannan hali, mutum goma ba sa riƙe sha ɗaya na minti arba'in da biyar da ƙarfin ƙafa kaɗai. Mu a ƙaramin fili muna jin muryar kowa, har mukan gane wanda ya kira sunanmu. Idan ka faɗi ka ji maƙwabcinka yana cewa ka tashi, kunya ma ta isa ta tashe ka. Ka gaya wa Yayanka cewa ihunsa ba ya isa Landan, naka kuwa ya isa kunnen telan da ya farke ƙwallon.

Malam Mai Lissafi, Gusau:

Ina tare da Baba a kan abin da ya faɗa, amma zan ƙara da tsarin abin, domin da yawa ba su san inda tsanin gasanninmu ya nufa ba. A saman ƙwallon Nijeriya akwai gasar Firimiya ta NPFL mai ƙungiyoyi 20, a ƙarƙashinta akwai gasar rukuni na biyu wato NNL, sai ta rukuni na uku wato NLO, sai gasannin jihohi irin wadda kuke bugawa. Hawa wannan tsani ba mafarki ba ne, domin Zamfara United da take wasa a filin tunawa da Sardauna a nan Gusau ta buga gasar Firimiya a ƙarshen shekarun 2000, kuma mun ga manyan ƙungiyoyin ƙasar nan sun zo har gida. Ahmed Musa ma a gasar cikin gida ya yi suna, inda ya ci ƙwallo 18 wa Kano Pillars a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai, har ya je Leicester City a 2016.

Sai dai, Malam Ɗan Mafara, dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wani goyon bayan cutarwa yake yi. Na sha ganin wuraren da jan kati irin naku yake jawo jifa da kutsawa cikin fili, ƙarshenta a ci ƙungiya tara, ko a kwashe mata maki, ko a hana ta wasa a gida, alhali ko kuɗin motar zuwa wasan waje da ƙyar take haɗawa. Ba ka gaya mana yadda jama'arku suka karɓi hukuncin ba.

Ɗan Mafara:

Na gode, Malam. An yi hayaniya sosai, wasu matasa ma sun fara matsowa bakin layi, amma dattawan da suke zama kusa da bencin 'yan canji suka tsawatar musu. A ganina ma katin daidai ne, domin yaron namu ya kwashe ƙafar ɗan gaba ne daga baya lokacin da ya rage daga shi sai mai tsaron raga.

Hajiya Uwar Ɗan Wasa, Tsafe:

Ɗana, ni ban san dokokin wasa ba, amma ni nake wanke rigar ɗaya daga cikin irin waɗannan yaran, kuma ni nake gasa masa ƙafa da ruwan zafi idan ya dawo. Yana fita atisaye bayan sallar asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani, ya dawo ya tafi wurin aikinsa, kuma takalmin da yake bugawa da shi daga aljihunsa ya saya. Idan kuna son ku yi amfani, ku biya kuɗin ƙofa maimakon haurawa ta katanga, sannan ku haɗa ɗan abin da ya samu ku kai musu ruwan leda da lemo da man shafawa a ranar wasa. Akwai mai shayin da yake ba su shayi kyauta bayan atisaye tun shigowar sanyi, kuma sunansa na fi ji a bakin ɗana fiye da na kowa. Yaushe ne wasanku na gaba, kuma a gida ne ko a waje? Idan a waje ne, don Allah ku matsa wa shugabannin ƙungiyar su taso da yaran da wuri, kada dare ya same su a hanya.