"Labarin zuciya a tambayi fuska": to sitika da allon bakin hanya fa?

Direban Dare:
Salama 'yan'uwa. Jiya wata mota ta sha gabana da gudu saura kaɗan in faɗa kwalbati, mai motar ya leƙo ya ɗura min ashar, yana wucewa sai ga sitika ƙatuwa a gilashin baya wai "Yesu ne Ubangiji". Tun lokacin karin maganar nan ke min yawo a ka, labarin zuciya a tambayi fuska. Sitika da allo da ƙyallen talla ai su ne fuskar da mutum ke nuna wa jama'a ko? In haka ne karin maganar ta yi ƙarya kenan.

Tsohon Malami:
Ɗana ba ta yi ƙarya ba, kai ne ka ɗora mata kayan da ba nata ba. Fuskar da ake nufi ita ce wadda ba ka da iko da ita, in ranka ya ɓaci ko ka yi yaƙe za a gane. Littafin Karin Magana 15:13 ma haka ya ce, zuciya mai murna ita ke sa fuska fara'a. Sitika kuwa riga ce, saye ake a manna. Wa ya sani ma ko da ita ya sayi motar.

'Yar Zumunta:
Baba na ji, amma don Allah kar mu raina rubutu. A Maimaitawar Shari'a 6:9 Ubangiji da kansa ya ce a rubuta maganarsa a madogaran ƙofa da ƙofofin gari, kuma bango ba ya zama fanko, in mun cire namu wani zai manna nasa. A Janairun 2009 waɗanda ba su yarda da Allah ba suka tara kuɗi suka sa talla a jikin bas-bas a Landan da wasu biranen Birtaniya, wai mai yiwuwa babu Allah, ku daina damuwa ku more rayuwarku, yara suna karantawa a hanyar makaranta kullum, har wani direban bas Kirista a Southampton ya ƙi tuƙa motar da ke ɗauke da shi, daga baya Kiristoci suka sa nasu cewa lalle akwai Allah. To da sun yi shiru fa? Ni a wurina allon gari fuskar garin ce, karin maganar ta hau daidai.

Mai Shiru:
Mama bari in kawo wani gefen. Kalmar nan "Ga Allah muka dogara" da ke jikin kuɗin Amurka, a 1864 ta fara fitowa a kwabo, sai 1956 aka mai da ita taken ƙasa. Amma a 1907 shugaba Theodore Roosevelt, mutumin da ke zuwa coci fa, ya bari aka buga sababbin tsabar zinariya babu ita, don a ganinsa sa sunan Allah a kuɗi rashin ladabi ne, kusan saɓo. Majalisa ta dawo da ita a 1908. Ni dai ina bayansa. Kuɗin da ake cin hanci da shi, ake caca da shi? Ina muka kai Fitowa 20:7, da ta hana ambaton sunan Ubangiji a banza?

Direban Dare:
Kai wannan ban taɓa ji ba.

Tsohon Malami:
'Yata, umarnin nan da kika kawo shi Farisiyawa suka riƙe, suka faɗaɗa layunsu na goshi don a gani, Yesu ya tsawata musu a Matiyu 23:5. Kuma 1 Sama'ila 16:7 ta nuna iyakar karin maganar tamu, mutum waje yake dubawa, Ubangiji zuciya. Mu ne ke tambayar fuska don ba mu da wata hanya. Wadda ta fi dacewa da sitika a ganina ita ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

'Yar Zumunta:
To Baba allon Bilatus fa? Yahaya 19, ya rubuta Yesu Banazare Sarkin Yahudawa da Ibrananci da Latinanci da Helenanci ya kafa a kan gicciye, manyan firistoci suka ce ya canza ya ce abin da ya rubuta ya rubuta. Zuciyar Bilatus ba ta miƙe ba amma allon bai yi ƙarya ba. Mai ashar ɗin nan ma abin da ke gilashinsa gaskiya ne, shi ne dai ya kunyata ta.

Tsohon Malami:
Wannan kam kin kama ni, sai na sake tunani. Amma lura, kin bar maganar fuska kin koma maganar shaida.

Direban Dare:
Tunda abin ya kai nan bari in faɗa, ni ma akwai Zabura 23 a bayan tawa motar, kuma jiyan na rama ashar ɗin har sau biyu. Da safe na gwada ɓare ta da farce, rana ta riga ta gasa ta a gilashi, gefe ɗaya kawai ya ɗago. Yanzu haka take a bayan, rabi a manne rabi a ɗage.