Sabon zuwa Garwa ne ni: ina zan riƙa cin abinci, kuma yaya zan yi da gayyatar cin kifi a Yelwa?

Baƙon Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Daga Mubi na zo, kawuna ya ɗora ni a shagonsa na kayan mashin a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma zan jima. Ba ni da iyali a nan, ɗakin da nake kwana ma babu wurin girki, don haka safe da rana da dare duk a waje zan ci. Abin da zan iya warewa na abinci sefa 2,000 ne a rana. Wane irin wuri ne ya dace da wannan kuɗi? Yaya zan gane abincin da ba zai ɓata mini ciki ba a wannan zafi? Sannan abokan ciniki suna ta gayyatata unguwar Yelwa cin gasasshen kifi da dare, na kuma ji cewa a mashaya ake zama. Ni ba na sha. Don Allah a ba ni shawara.

Goggo mai tuwo:
Wa alaikumus salam ɗana, sannu da zuwa. Kuɗinka zai ishe ka in ka san lokacin fita. Da safe ka nemi masu kunu da ƙosai, ko fanke da wake, 300 zuwa 400 za su riƙe ka har azahar. Da rana ka shiga irin rumfunan da ake kira turnedo, masu benci da dogon tebur, waɗanda masu ci ke ba titi baya. Faranti ɗaya da nama yakan fara daga 500, sai dai farashi na motsi da kasuwa. Ragowar ka bar wa dare.

Amma ka riƙe wannan da kyau: a Garwa agogo ne ke raba abinci mai kyau da marar kyau, ba kyan rumfa ba. Yawancin masu sayarwa suna sauke tukunya wajen ƙarfe 11 da rabi zuwa 12. Wanda ya ci tsakanin 12 da 2 sabon girki ya ci. Wanda ya zo bayan la'asar gindin tukunya ya tarar, an ƙara masa ruwa an sake ɗumamawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, miya ba ta jure awa huɗu a sauke.

Sunayen miya kada su rikita ka, duk ka san su. Folere ita ce yakuwa, tasba ita ce tafasa, bokko kuka ce, lalo kuma lalo ne. Wadda ta fi saurin lalacewa ita ce duk wadda aka sa wa gyaɗa. Folere tana da wata matsala ta daban: da ma tsami gare ta, to in ta fara juyawa harshe ba ya ganewa. Ido za ka sa. In ka ga ƙananan kumfa suna taruwa a gefen tukunya alhali babu wuta a ƙarƙashinta, ko man ya rabu ya kwanta daban, ka ce a zuba maka kuka ko busasshiyar kuɓewa, su sun fi daɗewa. Tuwo kuwa a leda ake ƙulla shi a jera cikin kula. Ka taɓa malmalar kafin a kwance, in ba ta ƙona maka yatsa ba ka nemi ta ƙasa. Shinkafar da ta huce ta yi ɗumi-ɗumi ta fi komai kawo amai, ko an sake turara ta.

Nama a ƙidaye yake. Ka faɗi yanka nawa kake so tun kafin a ɗaga ludayi, in ba haka ba a zuba maka uku ka biya uku. In ka sami wurin da ya kwanta maka, ka yi magana da mai abincin ka riƙa biya mako-mako, za ta riƙa ajiye maka rabonka. Kada ka biya na wata gaba ɗaya, don rumfa takan rufe saboda biki ko rasuwa.

Hamma na Lopere:
Ƙanena, kafin ciki ka fara koyon lissafi, don nan ne 'yan Najeriya suka fi yin tuntuɓe. In an faɗa maka farashi da Hausa ko Fulatanci, da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuma sefa 5 ce. Mai abinci ta ce "ashirin", 100 take nufi. "Hamsin" 250 ke nan. "Ɗari", ko teemerre da Fulatanci, 500. Jaka, ko booro, 1,000. In da Faransanci aka faɗa, lambar tana nan yadda take, ba a ninkawa. In ka yi shakka, ka fito da kuɗin ka nuna ka ce "wannan?".

Canji ma wahala ne. Kada ka miƙa takardar 10,000 a rumfar tuwo, za ka yi rabin awa kana jiran yaron da aka aika. Ka farfasa a shago tun da safe. Orange Money da MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, suna aiki a manyan gidajen abinci, ƙananan rumfuna kuwa kuɗi a hannu suka sani.

Bappa mahauci:
Samari, abin da kuke kira tsire ko balangu, nan soya ake ce masa. Garwa garin shanu ne, nama ba ya wuya, amma ka lura da abu uku. Na farko, ka je bayan magariba zuwa isha, lokacin da naman ranar ya hau wuta. Naman kwana ana gane shi: gefensa ya bushe ya yi baƙi, an shafe shi da mai da yawa don ya yi sheƙi, an kuma cika masa yaji. Na biyu, duk abin da aka yanka maka ka ce a mayar kan garwashi ya yi minti biyu ko uku, har ka ji yana ƙara. Wanda ke gefen wayar gashi, nesa da wuta, ɗumi kawai yake sha, ƙuda kuma sun riga ka. Na uku, kayan ciki, wato hanta da ƙoda da tumbi, sun fi tsoka saurin juyawa. In dare ya yi nisa ka bar su.

Ana ba da ɗanɗano, yanka ɗaya, ba a biya. Ka karɓa, da shi za ka san ko naman ya yi tauri. Ka faɗi na nawa kake so, ka ce tsoka zalla ko da kitse, don in ka yi shiru rabin kuɗinka kitse ne. Albasar da aka yayyanka tun rana ta yi laushi, ka ce a yanka sabuwa a gabanka. In takardar buhun siminti za a naɗe maka, ka duba a cire fallen ciki mai ƙura.

Batun yanka kuwa, a unguwar Fulɓere da kewayen babbar kasuwa hankalinka kwance. A unguwannin mashaya ne ake samun masu gasa naman alade, wani lokaci kusa da mai kaza. Ka tambaya kai tsaye wa ya yanka, ka kuma dubi wayar gashin da wuƙar ko ɗaya ake amfani da su. Ba wanda zai ji haushin tambayar, an saba.

Yaya mai kifin Lagdo:
Ƙanena, bari in yi maka bayanin yadda abin yake a Yelwa, don ka san inda za ka sa ƙafa. Mai mashaya daban, mai gasa kifi daban. Ita tana bakin ƙofa da murhunta da tirenta, kuɗinta ba ya shiga lissafin abin sha. Ke nan kana iya sayen kifi ba tare da ka shiga ciki ba.

Kifin da za ka tarar galibi karfasa ce, wadda ake kira karp, sai giwan ruwa da ake ce wa kafiten, sai tarwaɗa, daga Binuwai da tafkin Lagdo. Da damina, wajen Yuli zuwa Satumba, akan rufe kamun kifi a Lagdo don ya hayayyafa. A lokacin ɗanyen kifi yana tsada, kifin teku makero na firiza da ake kawowa daga Duwala ya cika tire. Shi ma ba laifi, sai dai in ya narke an sake daskarar da shi, abin da ke yawan faruwa in ruwan madatsar Lagdo mai ba da lantarki ya ja baya ana ɗauke wuta. Irin wannan namansa yakan yi ruɓu-ruɓu, ya farfashe a kan waya.

Kai za ka zaɓi kifinka da hannunka, ɗanye, kafin a ɗora. Ka ɗaga marfin kunnensa: ja jawur ake so, ba ruwan ƙasa ba. Ido ya zama garau a tashe, ba fari a loɓe ba. Ka danna bayansa da yatsa, in gurbin ya tsaya bai ciko ba ka ajiye. Kada ka yarda da wanda aka riga aka gasa rabi aka jingine, ko wanda aka lulluɓe da kayan haɗi tun kafin ka gani, tafarnuwa da citta suna rufe wari. A gama ciniki a nan take, a kuma faɗi abin da ke ciki: soyayyar ayaba ko bobolo, wato ƙullin rogon nan na cikin ganye, wasu suna haɗawa kyauta wasu suna lissafawa daban. Matsakaiciyar karfasa ita kaɗai tana iya cinye kuɗin yininka, don haka ku haɗa ku biyu, ko ka mai da shi na mako-mako.

Gashi yana ɗaukar minti 20 zuwa 30, kada ka gaggauta mata. In ya zo, ka buɗe wajen ƙashin baya; naman ya zama fari ya saki ƙashi da kansa. In da ja-ja a mayar. Barkono ka ce a sa a gefe, na nan ba ya wasa. Mayones ɗin da ya wuni a buɗe kusa da murhu, ka haƙura da shi.

Malam na Fulɓere:
Ɗana, tun da ka ce ba ka sha, to ka sani malamai sun hana zama a teburin da ake shan giya a kai, ko da lemo ne a gabanka. Ba ƙyamar mutane ba ne, abokan cinikinka maƙwabtanmu ne kuma ana zaman lafiya. Ka sayi kifin a ƙunshe maka ka tafi da shi, ko kuma kai ka riga su gayyata, ka kai su wurin mai soya ko gidan abincin da ba a sayar da giya, ka biya. Sau ɗaya za ka yi haka su fahimci matsayinka.

Hamma na Lopere:
Maganar Malam ita ce daidai, kuma akwai dalilin aljihu a ciki. Al'adar teburin mashaya ita ce zagaye: kowa yana sayen abin sha na kowa bi da bi. In ka zauna ka sha lemon wani, layi zai zo kanka, ka tsinci kanka kana biyan kuɗin giyar mutum biyar. Ba a ɗauke kwalaben da aka shanye, da su ake lissafi a ƙarshe, nan kuma rigima take tashi.

Ko a ina ne, ka karanta kwalba. Top da Djino da Malta lemo ne, babu giya. Booster kuwa kamar lemo take a ido, amma akwai barasa a ciki. A buɗe maka kwalba a gabanka. In dare ya yi, ka riƙe takardunka a aljihu don ana binciken hanya, ka kuma yi ciniki da mai kilando, wato ɗan acaɓa, kafin ka hau. Ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport ke wasa a filin Rumde Ajiya, wuraren cin abinci na kewayen suna cika, abinci yana ƙarewa da wuri.

Adda ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, yawancin ciwon cikin da ake ɗora wa miya, ruwa ne ya kawo shi. Kofin da ke cikin randar rumfa kowa da shi yake sha. Ka riƙe gorarka ta lita ɗaya da rabi, ka cika daga inda ka amince, ko ka sayi ruwan kwalba na Tangui ko Supermont ka duba hatimin marfin bai tsinke ba. Ƙanƙarar da ake fasawa a zuba cikin zoɓo, wanda shi ma folere ake ce masa a nan, ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba. Gara gorar da aka sanyaya daga waje. Kosam, wato nono ko kindirmo, ka saya da safe, in ledar ta kumbura ka bari.

Wankin hannu: kwanon da mutum goma suka tsoma hannu ba wanki ba ne. Ka nemi buta da sabulu, a zuba maka ruwa yana gudu. Salak da ɗanyen tumatir ka ɗaga musu ƙafa da damina, lokacin ne kwalara ke ɓulla a arewacin ƙasar nan, kamar yadda aka gani a 2010 da 2018.

In gudawa ta kama ka, ka haɗa ruwa mai tsafta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ka riƙa kurɓa bayan kowace fita. Kada ka sayi ƙwayoyin magani a tire. In bayan gida ya koma kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini, ko amai ya hana ka riƙe ruwa, ko zazzaɓi ya kai kwana uku, asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne.

Baƙon Garwa:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Goggo, saura ɗaya: ba na iya barin shago sai wajen ƙarfe 3, lokacin kuma kin ce tukunya ta tsufa.

Goggo mai tuwo:
To ɗana, ka sayi kula ƙarama mai hawa biyu. Ka kai wa mai abincin da safe kan hanyarka, ta zuba maka da zarar ta sauke, miya daban tuwo daban, yaro ya kawo maka shago. Ka ce ta ɗauraye kular da tafasasshen ruwa kafin ta zuba, zafin zai kai ka ƙarfe 3. Kada ka buɗe sai za ka ci, abin da ya rage kuma kada ka ajiye wa dare. Ranar Juma'a ka aika da wuri, da yawa suna rufewa kafin a tafi masallaci.