Wace makaranta zan zaɓa don koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu?

Ɗan Gwadangaji:
Assalamu alaikum, manyanmu. Daga Birnin Kebbi nake, shekaruna 23, na gama digiri. Iyaye sun amince su ɗauki nauyina in koyi tuƙin helikwafta har in samu lasisin aiki. Wasu sun ce Zariya, wasu Inugu, wasu Afirka ta Kudu ko Amurka. Da me ake gane makaranta mai kyau? Kuma ɗalibi na da ikon zaɓen malaminsa?

Baffan Jega:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka biya kowa sisin kwabo, je ka yi gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya wurin likitan da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi. Ana duba ido, bambance launi, ji, zuciya da hawan jini. Wanda bai rarrabe ja da kore yana iya rasa lasisin aiki, kuma gara ka ji labarin tun gonar Baba tana nan ba a sayar ba.

Lasisi hawa biyu ne. PPL na tuƙi don kanka ne, ba na aiki ba, mafi ƙaranci awa 40 a sama. CPL shi ake neman aiki da shi, awa 150, ko 100 a kwas ɗin da hukuma ta amince da shi tun daga farko har ƙarshe. Arba'in ɗin nan ta takarda ce kawai, kai yi kasafin 60. Tsayar da jirgi cak a iska shi kaɗai yakan ci awoyi masu yawa kafin hannu da ƙafa su fahimci juna.

A gida akwai NCAT, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, tun 1964 take, sai makarantar helikwafta ta Inugu mai alaƙa da sojojin sama. Ko ina ka nufa, tambayoyin iri ɗaya ne: jirage nawa ke tashi a makon nan, ɗalibai nawa ke layi, ina injiniyoyinsu. Kada ka ƙirga wanda ke kwance a rumfa yana jiran kayan gyara. Ƙananan helikwaftocin kamfanin Robinson, R22 da R44, ana wargaza su gaba ɗaya don gyara duk bayan awa 2,200 ko shekara 12. Idan jirgi ɗaya ne da makaranta kuma ya kusa wannan adadi, wata da watanni za ka yi kana zaman jira, abin da ka koya yana zubewa.

Kyaftin Yawuri:
Baffa ya yi daidai, amma ni malami ya fi damuna a kan makaranta. Da yawa daga masu koyarwa matasa ne da ke tara awoyi don su samu aikin kai ma'aikata rijiyoyin mai a teku. Ba laifi ba ne, sai dai ranar da kamfani ya kira shi zai tafi, sabon malami kuma sai ya maimaita maka darussa da kuɗinka kafin ya yarda ya sake ka kai kaɗai. Tambaye shi kai tsaye: awa nawa yake da su a irin wannan jirgin, ɗalibai nawa ya kai har jarrabawa, zai kai shekara a nan?

Dalilin nacewa a kan irin jirgin shi ne R22 ba ya yafiya. Farfelarsa ba nauyi, idan inji ya mutu daƙiƙa ɗaya zuwa biyu gare ka ka sauke libar hannun hagu mai ɗaga jirgi da sauke shi, in ba haka ba juyin farfela ya faɗi ƙasa da inda za a iya farfaɗo da shi. Haka idan ka tura sandar tuƙi gaba da ƙarfi har ka ji jikinka ya yi sakayau, jirgin yakan kife dama, wanda ya maida sanda hagu a firgice sai gindin farfela ya bugi ƙarfen da ke juya ta. Maganinsa jawo sanda baya a hankali tukuna. Saboda haka ne Amurka ta kafa doka ta musamman a 1995: mai koyarwa da R22 sai yana da awa 200 a helikwafta, 50 daga ciki a R22, ɗalibi kuma ba ya tashi shi kaɗai sai bayan awa 20 tare da malami. Ka ɗauki wannan ma'auni ko a wace ƙasa kake.

Biya kuɗin tashin gwaji da malamai biyu. Na kirki zai zaunar da kai ya yi bayani kafin ku tashi da bayan kun sauka, yana faɗin wa ke riƙe da jirgi a kowane lokaci, hannunsa kusa da sanda amma bai ƙwace ta kan kowace 'yar karkata. Mai tsawa, ko mai nuna bajinta ƙasa-ƙasa kan bishiyoyi, nemi a canja maka shi. Haƙƙinka ne.

Hajiyar Lissafi:
Ɗana, kada ku zuba kuɗin kwas gaba ɗaya. Ku riƙa biyan awa 10 zuwa 20, a rubuta yadda za a mayar da saura idan ka bari. A tambaya ko farashin awa ya haɗa da mai, malami, inshora, karatun aji da jarrabawa, kuma daga yaushe agogo ke fara ƙirga: daga tada inji ko daga ɗagawa. Mintunan ɗumama inji suna taruwa. Idan waje ne, dala ko rand za ku biya, ku sa hawan canji a lissafi. Lasisin waje kuma sai NCAA ta mayar da shi na gida, don haka kowace awa ta shiga littafinka da sa hannun malami da hatimin makaranta.

Ɗan Gwadangaji:
Allah ya saka da alheri. Kyaftin, nauyina kilo 104. Zai hana?

Kyaftin Yawuri:
Kujerar R22 iyakarta kilo 109, amma a haɗa ka da malami sai an rage mai, darasi ya gajarce. Ga zafi: iska mai zafi irin ta Afrilu a Kabi, sama da digiri 40, tana rage ƙarfin inji da ɗaukar farfela. Nemi makaranta mai R44 ko Cabri G2 na Faransa, ka ce su yi lissafin nauyi a gabanka. Cabri farfelarsa tana juyawa saɓanin ta Robinson, idan ka ƙara ƙarfi fedar dama za ka taka maimakon hagu, saboda haka kada ka riƙa sauya su kafin ka gama PPL.