Taswirar fahimta ko kwafar not? Ta kaure a guruf ɗin malamai

Malamin Bayoloji: Salamu alaikum. Ni fa na daina cika allo da not, taswirar fahimta nake sa yara su zana, wato konsef maf. Ka sa ganye a da'ira, ka ja kibiya zuwa kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye ya zama kore, a kan kibiyar ka rubuta "yana ɗauke da". Na ce ta fi not amfani, mai ja ya fito.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Ina ja Malam. Aji mai yara sun haura 100 wasu ma a ƙasa suke zaune, yaushe za ka bi zanen kowa ka duba? Kuma WAEC da NECO bayani suke so a rubuce, ba gidan gizo-gizo ba.

Malamin Bayoloji: Ranka ya daɗe, ai don dubawar aka ƙirƙiro ta. Wani masani Joseph Novak ne ya fito da ita a jami'ar Cornell ta Amurka a 1972, suna bin yara suna hira da su don su ga yadda fahimtar kimiyya ke canzawa a kansu, hirarrakin suka taru suka yi musu yawa sai suka koma zane. Ya ɗora ne kan ra'ayin David Ausubel, masanin yadda ɗan Adam ke koyo, cewa abin da ɗalibi ya riga ya sani shi ne ya fi komai tasiri a koyo.

Malamar Islamiyya: To mu ai tuni muke yi a nahawu, kalma ta rabu uku, ismi da fi'ili da harafi, kowanne da rassansa. Suna kawai Turawa suka sa mata.

Malamin Bayoloji: A'a Malama, wannan rabe-rabe ne. Bambancin yana ga kalmar da ke kan kibiya, da kuma kibiyar da za ta tsallaka daga wannan reshe zuwa wancan. Shekaranjiya wata yarinya ta ja kibiya daga shuka zuwa ƙasa ta rubuta "tana samun abincinta daga", alhali not ɗinta tsaf yake, ta kwafe cewa ganye ke haɗa abincin da hasken rana da ruwa da iska, wallahi da not na duba da maki cikakke zan ba ta ban san ba ta gane ba.

Malamar Firamare: Ni kam na gwada, na zana musu a allo suka kwafe suka haddace kamar karatun aku, babu abin da ya canza.

Malamin Bayoloji: Ai ke kika zana Malama. Su ne za su zana, ko biyar-biyar a takarda ɗaya.

Tsohon Hedimasta: Biyar-biyar ɗin nan mun san shi, ɗaya na aiki huɗu na hira. Kuma ranar jarrabawa da me za su yi bita in ba not? Turo mana hoton na yarinyar nan dai mu gani tukuna.